Ramin Injin Anuhu

Shekara ta uku ke nan Anuhu yana bin ruwa cikin ƙasa, ruwan kuma yana guje masa.

Haifaffen Tibiri ne, amma a Jiratawa yake zaune saboda ƴar garkar zogala da ya gada wajen mahaifiyarsa. Garkar ce abincin gidansa, ita ce kuɗin lakwal, wato makaranta, na ɗiyarsa Susana. Shi yana ban-ruwa, matarsa Kezia tana tsinkar ganye ta kai kasuwar Sabon Gari a Maraɗi. Ba su da wata hanya bayan wannan.

A da masu garka a wannan kwari duk kusan ɗaya suke. Kowa da ƴar rijiyar bututunsa da ɗan injinsa, kuma wanda ake kira mai hali bai wuce ya fi ka jaki ba. Sai ƴan kasuwar birni suka gano daɗin wurin. Suka riƙa sayen garake ɗaya bayan ɗaya suna zagaye su da waya. Wanda ya sayi na gefen Anuhu shi ne Alhaji Mustafa, babban dillalin hatsi, wanda suka zauna benci ɗaya da shi a lakwal. A lokacin ma Anuhu ne ke yi masa lissafi.

Alhaji ya sa aka haƙa masa foraj, wato rijiyar burtsatse, mai zurfin gaske, aka jera farantan hasken rana. Tun safe har yamma ruwa na ɓulɓula, ba a sayen ko digon mai. Da tanki ya cika, sauran sai ya malala cikin yashi.

Daga nan rijiyar Anuhu ta fara tari. Ƙaramin inji ba ya iya jawo ruwan da ya yi nisa, don haka ƙananan manoma suke da dabararsu: a haƙa rami a gindin bututun, a saukar da injin da igiya don ya matso kusa da ruwa. Shekarar farko ramin Anuhu ya zo masa ƙugu. Ta biyu ya shanye tsayinsa. Ta uku sai da tsani. Abokansa har tsokanarsa suke, wai ya gaida musu mutanen ƙasa.

Kezia ba ta ga abin dariya ba. Ta ce masa ƙasar nan yashi ce, ba ta da amana, ya je ya ga Alhaji Mustafa, abokin nasa na lakwal.

Ya hau kabu-kabu ya tafi birni. Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, suka tuna malamansu. Da ƙyar Anuhu ya iya buɗe baki ya roƙi a bar shi ya ja tiyo daga ruwan da ke zuba a banza.

“Malam Anuhu, ai ruwa na Allah ne,” in ji Alhaji. “Amma in na ba ka, gobe mutum ashirin za su zo. Me zai hana ka sayar mini da wurin ka huta?”

“In na sayar, Alhaji, in ci me?”

Alhaji ya yi dariya, ya cusa masa kuɗin mota a aljihu. Anuhu ya fito yana jin kunyar da bai taɓa ji ba.

Watan Afirilu ya zo da zafinsa. Kwana huɗu injin yana jan iska, ganyen zogala ya fara rawaya yana zuba. In ya bari, garka ta mutu; in ya sayar da ita, gidansa ya mutu. Kuɗin foraj kuwa ko a mafarki ba ya ganin su. Abin da ya rage masa shi ne shebur.

Ranar Litinin da hantsi ya sauka ramin don ya ƙara kamu biyu kawai. Kezia tana sama tana jan bokitin yashi. A bokiti na tara ta ji igiya ta yi sako-sako, ta leƙa, sai ta ga bangon ramin ya zauna a kansa, hannunsa ɗaya kaɗai ke waje.

Ihunta ne ya tara mutane, har da ma'aikatan Alhaji. Da hannu suka tone shi. Ya fito da rai, amma likita a Maraɗi ya ce ƙashin bayansa ya karye, ba zai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba.

Alhaji Mustafa ya biya kuɗin asibiti duka, ya aiko da buhun shinkafa da keken guragu. Gari ya ɗauka da yabo. Bayan wata biyu, da babu mai ban-ruwa kuma babu ruwan, Anuhu ya dangwala yatsa a takardar sayar wa Alhaji garkar. Cikin mako guda aka ja tiyo daga tankin, tiyon nan dai da ya roƙa, zogala ta sake yin shar.

Yanzu Kezia tana tsinkar ganye a wurin a matsayin ƴar ƙwadago, ana biyan ta da yamma. Susana ta bar lakwal tana kula da mahaifinta. Duk ranar da Kezia ta dawo, tambayarsa ɗaya ce.

“Bishiyoyin da Inna ta dasa, suna nan?”

“Suna nan, Baban Susana,” take cewa. “Sun fi da kyau.”

Sai ya juya fuskarsa bango.

Jama'a, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa na kowa ne, ba na wanda ya fi ƙarfin haƙa ba. Mai hali ya taimaki maƙwabcinsa tun yana tsaye da ƙafafunsa, domin sadakar da ta zo bayan ya faɗi ba ta mayar masa da abin da ya rasa.