Injin da Aka Gwada a Ƙasa

Zauna tukuna, Shitu, ka ajiye zancen sauya injin nan in ba ka wani misali. Bakina ya gaji da maimaita wa masu mota magana ɗaya, amma kai ɗan ƙanena ne, ba yadda zan yi da kai.

An yi wani direba, dattijo, yana da tsohuwar bas da ya cire wa kujeru, yana jigilar tumatir da ita daga lambunan bakin kogi zuwa kasuwar birni. Shekara ashirin da ɗoriya, manoma huɗu ba su san wata mota ba sai tasa. Su tsinka da yamma, a loda da sassafe, kafin rana ta yi zafi kaya sun isa kasuwa. Tumatir kuwa ka san halinsa, ba ya jiran kowa. Motar ba ta taɓa ba shi kunya a hanya ba, sai dai injinta akwai shan mai, kamar an huda tanki. Da fetur ya yi tsada, mutumin nan ya koma bawan gidan mai. Ya yi lodi, ya yi tuƙi, baya na ciwo, ido na yaji, ya dawo gida hannu kusan wayam. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Rannan ya ce shi kam ya isa haka, inji zai sauya.

Ya tafi kasuwar injuna na hannu, inda ake jere su a ƙasa kan tsofaffin tayoyi. A can, in kana son inji, nan inda yake zaune za a tayar maka da shi: a haɗa batir, a tsoma tiyo cikin galan, ka ji kukansa. To, sai direban nan ya zo da tasa dabarar, har yana jin daɗin wayonsa. Ya fito da kwalba, ya ce a ba kowane inji fetur cikinta ɗaya, shi kuma ya zauna kan benci yana duban agogo. Wanda ya fi daɗewa bai shanye ba, shi zai ɗauka. Inji uku aka tayar. Manyan biyu suka lashe nasu nan da nan, suka yi tsit. Na ukun, wani ɗan ƙarami fes da shi da aka ciro daga ƙaramar mota, ya yi ta ɗan gurnaninsa har direban ya ƙosa da jira. Bakaniken da ya rako shi ya ce, "Baba, wannan fa a zaune yake, ba kaya a bayansa." Direban ya ce ai da idonsa ya gani, kwalba ba ta ƙarya. Kwana uku ana yanka ana walda kafin ɗan injin ya zauna a mazaunin da ba nasa ba. Tsohon injin kuwa ya sallama wa 'yan gwangwan, a gabansa suka sa guduma suka farfasa shi. Ya zaga gari da motar ba komai a ciki, kai, sai ka ce sabuwa. Ya yi ta washe baki yana gaya wa abokan sana'a ya huta.

Washegari aka loda kwando talatin, har kan rufi. A miƙaƙƙiyar hanya motar ta yi ta tafiya da nishi. Amma a rabin hanya akwai wani dogon hawa, wanda tsohon inji kan haye da giya biyu, yana tari yana hayaƙi. Ɗan injin ya kama hawa, giya biyu ta gagara. Direba ya koma giya ɗaya, ya take totur har ƙasa. Inji na ihu, mota na rarrafe. Ya ji ƙauri, ya ga tururi na tasowa ta ƙarƙashin kujera. Ya so ya tsaya, ya tuna rana na ɗagawa, ya ce bari dai ya lallaɓa. Saura ƙiris a kai kan tudu, sai ji ya yi ƙwas, inji ya buga. Da ƙyar ya riƙe ta da birki, ya sauko ya tokare taya da dutse.

Hanyar ƙauye ce, duk motar da ta zo wucewa da nata kayan. Ya zauna a gindin motarsa, hantsi ya dubi ludayi, rana ta take. Wajen azahar ruwan tumatir ya fara ɗiga daga kwanduna, yana bin ƙofar baya yana sauka ƙasa, ƙudaje suka taru. Da la'asar manoman suka iso a kan babura. Ba wanda ya zage shi, kuma wallahi da zagin suka yi da ya fi masa sauƙi. Babbansu ya buɗe kwando ɗaya, ya duba, ya rufe, ya ce, "Allah ya mayar da alheri," suka juya. Daga ranar wata mota suka nema, ba su sake kiransa ba. Kayya, ni duk sanda na tuna tsohon nan sai tausayi ya kama ni. Da aka zo janye motar, ya leƙa tanki, mai na nan kusan cike, ba inda zai kai shi.

Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa, garin neman ƙiba an samo rama.