Wuyan Fannami

Me ke sa mutum ya yi wa baƙi da murna abin da ya hana mahaifinsa? Fannami bai sani ba.

A 1994 ya dawo Haɗeja daga wata gonar koyarwa a Ostiraliya, inda matasa ke koyon noma ba takin zamani. Yana nuna wa mutanen gida hotuna, sai wani hoton da ya ɓoye ya zame, ya faɗi gaban mahaifinsa, Malam Ari.

Ga Fannami a hoton, kwandon kashin shanu a ka, yana dariya, Turawa na tafa masa.

Tun yana yaro Fannami yake cewa wuyansa na ciwo, don kada ya ɗauki taki zuwa fadama. Tsohon ne ke ɗauka shi kaɗai, har bayansa ya ranƙwafa.

Malam Ari ya daɗe yana kallon hoton. Fannami ya sunkuyar da kai, yana jiran faɗa.

"Gumsu!" tsohon ya ƙwala wa matarsa kira. "Zo ki gani! Sun warkar mana da wuyan yaron nan! Ban ce miki Allah zai amsa ba?"

Ya shafa ƙeyar ɗansa a hankali. "Amma kada ka matsa masa, kar ciwon ya dawo."

Washegari Malam Ari ya durƙusa zai ɗauki kwando. Fannami ya riga shi.

"Baba, kawo gammon."