Hannun Tuwo a Kwamfutar Alhaji

Alhaji Idrissa, mai fitar wa ƴan kasuwar Ƙonni kaya daga duwan, wato kwastan, ya dangwarar da tsohuwar kwamfutarsa gaban Shafi'u mai gyara.

"Manhajar Linux na ce ka ƙara mini kusa ga Windows, ta bar wannan nawar da take yi! Kwana ukku takardun mutane na tsaye, kana ce mini babu wuri? In ba ka iya ba, ka faɗi!"

"Alhaji, duba nan." Shafi'u ya kunna ta, ya yi wuf ya danna wani maɓalli. Sai ga zaɓi biyu a allo. "Akwai Linux ciki tun bara waccan. Ɓoye shi anka yi."

Idanun Alhaji suka kaɗa. Shi da ko goge na'urar nan bai yarda matarsa Badi'a ta yi ba! Kullum sai ya daka mata tsawa, wai hannun tuwo ba ya taɓa kayan buro, wato ofis.

"Wane ɓarawo ne ya shigar mini kaya? Wallahi sai jandarma sun ji!"

"Ko wane ne, gwani ne, Alhaji. Da zan gan shi, da na durƙusa ya koya mini."

Shafi'u ya buɗe Linux ɗin. Alhaji ya sunkuya yana huci.

Sunan Badi'a ne a sama. Ƙarƙashinsa jaka guda ce tal, ɗauke da takarda ɗari huɗu da sha biyu. An sa mata suna: "Kurakuran Maigida da na gyara."