Shuɗin Labule

Injiniya mai gyaran waya ya tarar da Malama durƙushe gaban akwati ɗaya tak, wanda kuɗinta ya isa ta biya wa a jirgi. Za ta koma ƙasar waje da zama. Ta fitar da takalmanta da rigunanta biyu, don kawai ta sama wa shuɗin labulen nan wuri. Shi take ratayawa a bayanta in tana koyar da lissafi ta intanet, don kada ɗalibanta su ga tsagaggen bangon ɗakinta.

Ya daɗe yana sonta. Da niyyar roƙonta ta fasa tafiya ya zo, amma da ya ga yadda take ninke labulen a tsanake, sai ya fasa. Macen da ta haɗa kuɗin jirgi da darasi ɗaya-ɗaya, wane ne shi da zai tare mata hanya?

"Malama," ya ce a hankali, "can wa zai haska miki fitila in an ɗauke wuta ana tsakiyar darasi?"

"An ce can ba a ɗauke wuta, Injiniya."

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zaro labulen daga akwatin ta ɗora masa a hannu.

"Ya yi mini nauyi. Kai za ka taho mini da shi."

"Ɗalibanki fa? Za su ga bango."

Ta mayar da takalmanta cikin akwatin, tana ɓoye murmushi.

"Su gani. Sai ka yi sauri."