Littafin da Ba Shi da Bango

Karo na bakwai ke nan Rahila tana ɗora yatsa a kan kalmomin nan biyu, quiet da quite, karo na bakwai kuma Alhaji Sabiru yana nuna wadda ba ita aka tambaya ba.

Shekara shida tana koyar da Turanci a Sabon Garin Gusau, ba ta taɓa gamuwa da ɗalibin da ya kai ta bango irin tsohon nan ba. Ɗansa Khalid ne ya kira ta a waya, ya ce Baba na son a riƙa yi masa karatun Turanci a gida. Sau uku a mako take shiga mota zuwa Bungudu. Ga shi an ci wata biyu, kuma Baba ya yanke magana: in har ranar Juma'a bai karanta shafi ɗaya da kansa ba, a bar zancen har abada. Yau Laraba. Ita kuwa ba ta taɓa ajiye ɗalibi a hanya ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai, tsohon ba daƙiƙi ba ne. In ta fara karanta misali, leɓensa kan riga ta kaiwa ƙarshe. Amma a ce ya nuna lose, sai ya nuna loose. Ya damƙi biro da hagu kamar mai riƙe da muciya, hannun dama na cikin babbar riga, ya ƙura wa takarda ido har gumi ya tsattsafo masa. Haddar aku kawai, in ji ta a ranta.

Kuma laifin ba na littafin ba ne, wannan ta rantse. Ɗan ƙarami ne, ta gada wurin yayarta, bangonsa ya yage tun kafin ya zo hannunta, ta naɗe shi da takardar siminti. Da shi ta ci jarrabawa, da shi take cin abinci. Ko wane ne ya rubuta shi, ya san mutanensa. Misalansa duk na gida ne: shirun duwatsun Kwatarkwashi da hantsi, da akuyar da igiyarta ta yi sako-sako a kasuwar Tsafe har mai ita ya rasa ta.

Da ya sake nuna wadda ba ita ba, haƙurinta ya ƙare.

"Haba, Baba! Wanda ya rubuta littafin nan fa taunawa ya yi ya sa maka a baki. 'Yan aji uku suna ganewa. Da zai ga yadda ake wahalar da aikinsa a gidan nan, da ya zubar da hawaye."

Tsohon ya dube ta. Gefe ɗaya na bakinsa ya motsa, ba ta san ko murmushi ba ne. Ya shafi takardar simintin a hankali, sannan ya tura mata littafin.

"Gaskiya taki," ya ce da harshensa mai nauyi. "Ba sai Juma'a ba."

Ta tattara kayanta, haushi da kunya na cin ta lokaci guda. Ta kai zaure ke nan ta ji takun matarsa, Inna Wasila, a bayanta, riƙe da wani abu a ƙunshe cikin ɗankwali.

"Ɗiyata, dakata. Shi yah hana a hwaɗa miki, wai kunya shika ji. Tun bara da ciwon ga yat taɓa mai ɓarin jiki, baƙaƙe sunka rikice mishi. Ke kaɗai yay yarda da ke, saboda ya samu labarin littafin da kika koyarwa da shi."

Rahila ta warware ɗankwalin. Littafinta ne, sak, amma wannan da bangonsa. A jiki ga hoton wani magidanci tsaye gaban allo, alli a hannunsa na dama, a ƙasa kuma an buga sunan marubucin da manyan baƙaƙe: Sabiru Abubakar Bungudu.