Maginin da Ya Shafe Zanen Gawayi

Zauna mana, Sagiru, ko ɗibar wuta ka zo? Na karanta takardar manufofin nan taka ta neman shugabancin ƙaramar hukuma sau biyu, har na goge tabarau na sake dubawa, kuma wallahi kaina ya ɗaure. Na ga shataletale a tsakiyar gari, mu da motocin garin ba su taka kara sun karya ba. Na ga ƙofar gari mai fitilu, na ga filin ƙwallo. Na duba sama na duba ƙasa, ban ga kwalbatin hanyar asibiti ba, wanda ruwa ke cinyewa duk damina, mai naƙuda ta tsaya a ƙetare tana hangen asibiti. Har na fara zaton takardar wani gari ka ɗauko bisa kuskure. Ka ce masana ne a babban birni suka tsara maka. To, ni ƙanin mahaifinka ne, ba zan so ka sha kaye ba, ga shi saura mako uku zaɓe. Saurari wannan misali.

An yi wata tsohuwa mai ɗakin soro da ke yoyo. Ba ta iya hawa sama, amma tana da dabararta: duk inda ruwa ya ɗiga da damina, sai ta ɗaura gawayi a bakin sanda ta zana a jikin azara. Kafin kaka rufin ya cika da zane, wani babba wani ƙarami, kuma kowanne ta san halinsa. Wannan sai da ruwan gabas yake zuba, wancan sai an wuni ana tafkawa. Da zanen take sanin inda za ta shimfiɗa tabarma, da inda za ta jingine buhun irin wakenta, wanda shi take shukawa ta rufa wa kanta asiri shekara guda. Da rani ɗanta ya aiko mata da magini daga birni, gwani ne, ba a musu. Ya shigo ya ɗaga kai, ya ga rufi duk baƙi, ya ce wannan ƙazantar ce farkon abin gyara. Tsohuwa ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ce ta huta kawai, shekararsa talatin yana hawa soro. Ya shafe ciki tas da farar ƙasa, ya hau sama ya yi yaɓe inda idonsa ya ba shi, ya gyara indararon da ke kallon hanya, ya ƙawata bakin ƙofa. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya yaba.

Tsohuwa ta shiga ɗakinta ta tsaya tana juyi, ta kasa gane shi. Ko'ina fari, ko'ina ɗaya. Ta ja buhu zuwa kusurwar gabas, sai ta ga kamar nan babban zanen yake. Ta ja shi yamma, zuciyarta ta ƙi kwanciya. Daga ƙarshe ta ce ai an gyara, ta bar shi inda ƙarfinta ya ƙare. Ruwa ya sauko, aka shuka gero, waken yana jiran lokacinsa. Sai ta tafi biki ƙauyen gaba ta yi kwana uku, aka kuwa yi ta tafka ruwa a bayanta. Ta dawo ta tarar buhun ya kumbura, rabi ya tsiro a ciki, rabi ya ruɓe. Ta zauna a gabansa ta riƙe haɓa, ko kuka ta kasa.

Aka kirawo magini, shi ma ya rikice. Ya hau sama bai ga tsaga ba, ya sauko ya ga jiƙa. Ya toshe nan, ruwa ya ɓullo can, don ruwan soro azara yake bi kafin ya ɗiga, kuma yaɓen damina ba ya kamawa. Sai da ya hau ya sauko sau uku, girman ya faɗi, sannan ya durƙusa ya ce, "Iya, nuna mini wuraren da yake zuba."

Ta ce, "Ɗan nan, damina guda na yi ina rubuta maka. Kai ka shafe."

Haka waken shekarar ya wuce ta. Magini kuwa, duk ranar da hadari ya haɗu sai a gan shi zaune a ɗakin tsohuwa, sanda da gawayi a hannunsa, tana nunawa yana zanawa.

To, Sagiru, mutanen garin nan sun daɗe suna nasu zanen. Yana bakin ungozoma, yana bakin direbobin tasha, yana bakin manoman fadama, takardarka kuwa ta bi ta kai da farar ƙasa. Ko mako uku zai ishe ka ka zauna da su, ban sani ba. Ni kaina yau da za a miƙo mini ƙuri'a, ban san inda zan dangwala ba, ga jinina ga kwalbatin da matar ƙaninka za ta bi da tsohon ciki damina mai zuwa. Naɗe takardarka, ka fara da gidan ungozoma, kuma ka bari ta gama magana kafin ka ce komai. Hausawa ba su faɗa a banza ba: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.