Karkataccen Layin Inna

Yau kwana talatin da tara ba wanda ya taɓa zanen hular mahaifiyarmu a Rumbu, shafin da kowa ke ɗora zanensa. Doka ce yanzu: zanen da ya cika kwana arba'in ba a taɓa shi ba, sai a share. Ni na ɗora shi, kuma yatsan wanda ya ɗora ba ya cikin lissafi. A da cewa ake wai abin da aka ɗora ba ya ɓata. Ban taɓa yarda ba, amma takardar asalin tuni gara ta cinye.

Zama ya gagare ni. Na zari mayafi, sai gidan ƙanwata Tabawa, don ta taɓa a wayarta.

"Yaya, in na taɓa, wata guda za su yi ta turo min tallan kayan tsofaffi."

"Ke da haƙoranki huɗu? Taɓa, zanen uwarki ne."

Ta taɓa tana gunaguni. Zanen ya buɗe, da rubutu a ƙasa: "An gyara." Layin nan da Inna ke karkatarwa da gangan, don a gane hannunta, ya miƙe sambal.

"Sai mu mayar da shi," in ji Tabawa. "Hagu ya karkata ko dama?"

Shekara talatin na yi a aji ina koya wa 'ya'yan mutane hagu da dama. Na nuna hagu da yatsa, na koma na nuna dama; na manta.